A Gana ƙaramin maki ake fahariya da shi

Kawu Sani ka ce ka ji ana murna yaron gidanmu ya ci 8 kana mamaki, wai 8 ɗin me? To mu nan Zangon Kumasi ba mu da JAMB ɗin nan taku ta Najeriya, jarabawar shiga jami'a, da ake neman 200 ko 250 cikin 400. WAEC ɗin ce dai iri ɗaya da taku, A1 har F9, amma jami'a ba ta ɗaukar takardar yadda take, sai ta sake lissafi da kanta, shi ne muke cewa agiriget, 8 ɗin da ka ji ke nan.

Yaro yakan rubuta darasi 8 amma 6 kawai ake ƙirgawa. Turanci da lissafi dole ne, sai kimiyya in ɓangaren kimiyya yake nema, in kuma na ats ne galibi a sa masa soshiyal, sannan a ɗauko 3 daga darussan da ya zaɓa da kansa. A1 maki 1 ne, B2 maki 2, haka dai har C6 maki 6, a tara su. Wanda ya kwashe A1 duka shi ke da agiriget 6, babu wanda ya fi shi, shi ya sa in ka ji uwa a unguwar Aboabo tana cewa ɗanta ya kawo 30 to ba guɗa ake ba, jaje ake.

Inda yaranmu suka fi shan wahala shi ne D7, wallahi ko A1 biyar gare ka in lissafi ya zo D7 digiri ya tsaya, sai ka koma ka rubuta ta masu zaman kansu wadda muke kira Nobdek, kuma ni a ganina iyaye su ke da laifi wani lokacin, a bar yaro yana tsaron shago a kasuwa har jarabawa ta ƙarato sannan a fara neman malamin lesin.

Fom ma kowace jami'a nata daban, Jami'ar Gana da muke kira Legon daban, KNUST ta nan Kumasi daban, UDS ta Tamale daban, kowanne da kuɗinsa, kowane kwas kuma da inda ake yanke makinsa. Likitanci a Legon ko KNUST sai mai 6 ko kusa da haka. In ɗan naka na son zuwa nan, turo min hoton sakamakonsa in lissafa maka tukuna kafin ku kashe kuɗin fom.