Ciwon damuwa da shan wiwi za su hana ni takardar amincewar tsaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Maryland, na samu takardar zama ɗan ƙasa. Wani kamfani mai yi wa ma'aikatar tsaron Amurka kwangila ya ɗauke ni aiki, an ba ni fom na SF-86 in cike, wato fom ɗin neman takardar amincewar tsaro da ke ba mutum izinin ganin bayanan sirri na gwamnati. Bayan rasuwar mahaifina a 2021 na yi shekara guda ina shan maganin ciwon damuwa, kuma na taɓa shan wiwi a jami'a. Abokaina sun ce kada in kuskura in rubuta ko ɗaya. Barci ma ya ƙaurace mini.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka a kan maganar likita. Ƙa'idar SEAD 4, wadda gwamnatin Amurka ke bi wajen tantance wanda za a ba takardar tun 2017, ta ce ba za a riƙe mutum da laifi don kawai ya nemi magani ba. Sashe na 21 na fom ɗin yana tambaya ne a kan abubuwa ƙidayayyu: ko kotu ta taɓa cewa hankalinka bai cika ba, ko an kwantar da kai a asibiti saboda taɓin hankali, ko likita ya tabbatar maka da ciwon taɓin hankali mai tsanani irin su sikizofiriniya. Karanta tambayoyin a tsanake, ka amsa abin da aka tambaya.

Wiwi kuwa, halatta ta da jihar Maryland ta yi bai shafe ka ba, dokar tarayya ake bi. Dokar Bond ta 2008 ta hana ba da takardar ga wanda yake sha a yanzu. Wanda ya sha ya daina, ana duba yaushe ne, sau nawa, ya rabu da abokan shan ko a'a. Sashe na 23 na fom ɗin, wanda ya shafi miyagun ƙwayoyi, yawanci shekaru 7 baya yake tambaya.

Amma shawarar abokanka ita ta tayar mini da hankali, don kullum sai na ji ta, kuma na gaji da ita. Waɗannan masu fatawar teburin mai shayi ba su taɓa ganin yadda ake binciken nan ba. Mai bincike na iya zuwa wajen maƙwabtanka, tsofaffin abokan ɗakinka, wuraren da ka yi aiki. Wasu hukumomin har na'urar gano ƙarya suke ɗora mutum. Mutum ɗaya ya ce "ai tare muka sha", shike nan. Wiwin da wataƙila da an yafe ta koma ƙarya a takardar gwamnati, wadda hukuncinta kan kai ɗaurin shekaru 5. Ko ba a kai ka kotu ba, an rubuta ka cikin marasa amana, kuma wannan tabo ya fi na wiwi wuyar gogewa nesa ba kusa ba. Abin da gwamnati ke tsoro shi ne ma'aikaci mai sirrin da wani zai riƙe shi da shi ya tatsi bayanai. Da ka faɗa da bakinka, ka karya wannan makamin.

Mafi ciwo, na ga waɗanda suka daina shan maganinsu don tsoron fom. Don Allah kada ka yi haka. Ka rubuta shekarun da ka sha wiwi daidai, ka shirya sa hannu a takardar alkawarin ba za ka koma ba, ka kuma ajiye bayanan likitanka kusa kafin ranar ganawa da mai bincike.