Wane maganin bairos zan saya wa kwamfutar shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo, ina da shagon atamfa da leshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, Ghana. Kwamfuta ɗaya gare mu, a cikinta yarona yake rubuta kaya da bashi a Excel, ciniki kuwa yawanci ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da WhatsApp ne a wayata. Kwanan nan aka kwashe wa maƙwabciyata kuɗi a waya, hankalina ya tashi. An ce in sayi maganin bairos. Wanne ya fi kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar wa maƙwabciyarki da alheri. Ki riƙe kuɗinki, ba sai kin sayi komai ba. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai gadin, Microsoft Defender, kyauta ne, kuma ya ishi shago irin naki muddin ana barin kwamfutar tana sabunta kanta. Abu ɗaya za ki sa a duba miki: kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka idan ita ce a kai, mai gyara ya gani ko na'urar za ta ɗauki 11. Kuma kada a loda miki manhajar sata don araha, ta nan ƙwayar cutar ta fi shigowa.

Amma ina kyautata zaton ba bairos ne ya ci kuɗin maƙwabciyarki ba. Mutum ne, da baki. Ga yadda suke yi. Kina tsaka da auna wa mai saye yadi shida, saƙo ya faɗo wai an turo miki sidi ɗari takwas. Kafin ki ajiye almakashi waya ta yi ƙara, wani yana magiya, wai kuɗin asibitin mahaifiyarsa ne ya yi kuskuren lamba, don Allah ki mayar. Dubi inda saƙon ya fito. Na gaskiya a MTN da sunan MobileMoney yake zuwa, na ƙarya kuwa daga lambar waya ce irin ta kowa. Ko wannan ma kada ki dogara da shi. Katse kiran, buga *170#, ki duba abin da ke cikin asusun da idonki. Haka za ki yi wa mai saye da ya nuna miki hoton shaidar biya a wayarsa, don haɗa irin wannan hoto ba ya ɗaukar minti biyu. Sai kuɗi sun zauna kaya za su fita, ko da wa ya zo.

Wani salon kuma, taga ce za ta buɗe a fuskar wayar tana neman lambar sirrinki, mai kira yana cewa shi ma'aikacin kamfani ne, ki danna a gyara miki asusu ko ki karɓi kyauta. Ki haddace wannan, ki kuma haddasar da yaronki: karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Duk tagar da ta buɗe da kanta tana neman lambobin nan huɗu, kuɗi ne za su fita. Kada lambobin su zama shekarar haihuwarki, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a Ghana Card ɗinki.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne waya ɗaya ce ke ɗauke da komai. Da ita ake ciniki, da ita jikoki suke wasa da daddare, da ita ake shiga rukunin biki da suna. Ki ware wa shago nasa layin da tasa wayar, ko da ƙarama ce, ki yi rajistar asusun 'yan kasuwa na MoMoPay. Ban da tsaro, lissafi ma zai fito, don kuɗin cefane ba zai ƙara cakuɗewa da na leshi ba. Kada kuma ki bar ciniki ya taru a waya, ki riƙa tura shi banki.

A WhatsApp, ɓarawo lambobi shida yake nema, waɗanda ake turowa ta saƙo idan za a buɗe asusunki a wata waya. Sau da yawa da sunan wanda kika sani zai zo, don shi ma an riga an ƙwace nasa. Da ya samu, sai ya bi abokan cinikinki ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗin kaya da sunanki, a bar ki da wanke kai. Shiga saituna ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki kuma leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusun ki cire wadda ba ki sani ba. Tunda kin zo nan, koma WhatsApp Business, kyauta ne. Za ki jera hotunan atamfa da farashinsu sau ɗaya, ki huta da tura hoto guda ga mutum ashirin.

Sai littafin bashi, wanda a ganina ya fi kwamfutar kanta daraja. Ba ki manta gobarar Kejetia ta Maris ɗin 2023 ba, ga kuma ta kasuwar Adum a Maris ɗin 2025. Kaya idan sun ƙone ana iya sake sarowa, amma wa zai tuna miki wanda ya ɗauki turmi goma bai biya ba? Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, kuma fayil ɗin Excel bai kai hoto ɗaya nauyi ba. Yaron ya riƙa ɗora shi kullum kafin a rufe shago, duk Juma'a kuma a kwafa a filashi ki tafi da shi Aboabo. Filashin da ya kwana a aljihun tebur kusa da kwamfuta ba ajiya ba ce. Adireshin Gmail ɗin ya zama naki, da lambar wayarki, ba na yaron ba. Ba zargi ba ne, yaro yakan samu nasa jarin ya tafi, kuma ranar da ya tafi a canza kalmomin sirri duka. A kwamfutar ma a buɗe masa nasa asusun marar ikon loda manhaja.

Idan ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, kada kunya ta sa ki yi shiru har gobe, don cikin mintuna suke cire kuɗin. Kira 100 nan take idan layin MTN ne, ki ba su lambar cinikin da lambar da aka tura wa. Sannan ki kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa wadda dokar 2020 ta kafa, ki kai rahoto ofishin 'yan sanda. Kada ki goge saƙonnin, za a nemi ganinsu.