Filin Tambaya da Amsa: Yaya Ake Ba Sakin Layin Ɗalibi Maki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a ajin SS2 a wata makarantar kuɗi da ke Agege, ɗalibaina sun kai 70. Idan na sa su rubuta sakin layi ɗaya, sai in rasa yadda zan raba maki. Wani maganarsa da ma'ana amma kuskure ya yi mata katutu, wani kuma rubutunsa fes amma ba komai a ciki. Wanne ya fi cancanta? Daga wata malama, Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Matsalar ita ce kina auna abu huɗu da mudu ɗaya. Ki raba su, kamar yadda hukumar WAEC, wadda ofishinta na Najeriya ke nan Yaba, take yi wa insha'in Turanci. Maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Tunda wannan jarrabawa ce ke jiran yaranki, ki rage ma'aunin ya dawo 20: wato 4, 4, 8, 4.

Kada ki ɗauki jan biro a karatun farko. Ki karanta sakin layin gaba ɗaya, ki tambayi kanki: me yaron nan yake son faɗa? Idan ba ki iya faɗarsa cikin jimla guda ba, to shi ma bai sani ba. Ga irin abin da za ki gani idan kin ba su batun cunkoson motoci, mun mayar da shi Hausa:

"Gosulo yana wahalar da ɗalibai a Legas. Danfo yana da launin rawaya. Tumatir ya yi tsada a Mile 12. Idan an yi ruwa hanya takan cika. Shi ya sa muke makara."

Jimlar farko ta yi alkawari mai kyau. Ta biyu da ta uku baƙi ne da ba a gayyata ba. Cire su, ma'anar ba za ta ragu da komai ba. Wannan shi ne gwajin da ya fi sauƙi. Ta huɗu tana kan hanya, sai dai an bar ta tsirara: wace hanya, minti nawa ake ɓatawa, wane darasi ke wuce yaro? Irin wannan ba zai wuce 2 a abin da aka faɗa ba, da 1 ko 2 a tsari, ko da babu kuskuren harafi ko ɗaya. Kuma ki lura da "shi ya sa" ɗin nan. Yara kan yayyafa kalmomin haɗi kamar gishiri don sun ji malamai na son su. Ki duba ko dalilin da ya gabata ya haifi sakamakon da gaske.

A karatu na biyu ne za ki koma kan harshe. Yaron Hausawan Legas yana tashi da Hausa a gida, Yarbanci da Burokan a titi, don haka kurakuransa sanannu ne: barin aikatau ba alamar lokacin da ya wuce, jera jimloli uku da waƙafi ba aya, fara sunan gari da ƙaramin baƙi, ga kuma gajerun kalmomin WhatsApp. Kuskure iri ɗaya da ya maimaitu, ki cire masa maki sau ɗaya. Idan kurakuran suka kai takwas, a rabin maki kowane, makin ƙa'idoji ya ƙare, ki tsaya nan. Kada ki bi shi bashi a sauran sassan. Da haka mai ma'ana da kurakurai zai iya samun 12, mai tsafta ba ciki ya tsaya a 9 ko 10. A ganinmu hakan ne adalci, domin koyar da aya ya fi koyar da tunani sauƙi.

Maganar yawa kuwa, takarda 70 a minti uku-uku awa uku da rabi ce. Kada ki yi su a zama ɗaya, gajiya na sa hannu ya yi tsauri ko ya saki. Ashirin-ashirin ya isa. Kafin ki fara, ki zaɓi takarda uku, mai kyau, matsakaiciya da mai rauni, ki ajiye su gabanki kina gwadawa da su. Ki sa su rubuta suna a bayan takarda, saboda sanin mai ita yakan ja maki. Su kuma yi rubutun a aji, minti 15, kalma 80 zuwa 120. Abin da aka kai gida yanzu sau da yawa waya ce ta rubuta. A ƙasan kowace takarda, gyara ɗaya tak za ki nema, kamar "kawo misali bayan jimla ta biyu", sannan ya sake rubutawa.

TAMBAYA: Ɗana rubutun hannunsa kamar na inji, kuma yakan cika shafi, amma 8 cikin 20 yake samu. Anya malamin ba ya danne shi? Daga wani mahaifi, Idi-Araba.

AMSA: Alhaji, kyan hannu ba shi da maki nasa, sai dai ya sauƙaƙa karatu, tsawo kuma ƙara ƙofar kuskure yake yi. Kafin ka zargi malam, ka sa yaron ya karanta maka aikin da ƙarfi, ya rufe littafin, ya gaya maka da Hausa abin da ya ce. Idan ya yi ta kame-kame, ga inda makin ya tafi. Idan ya faɗa tiryan-tiryan, ka je makaranta cikin mutunci ka roƙi malamin ya nuna maka nawa ya ba kowane sashe.