Takardar awo ba ta son lamba tsirara

Yaro, ka ce me ya sa nake mayar maka da takardar awo alhali lambobinka daidai suke, wai mu kafintoci ne ba malaman makaranta ba. To, ajiye zarton ka ji.

Ka rubuta "60 da 40". Sittin ɗin me? Tef ɗin da ke hannunka baki biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita. Inci guda santimita 2.54 ne cif, haka aka tsayar tun 1959. Ke nan inci 60 ya ɗara mita ɗaya da rabi, santimita 60 kuwa ko ƙafa biyu bai cika ba. Mai yankan katako bai san abin da ke zuciyarka ba, takarda zai bi. Sa sunan ma'auni a gaba, lamba ta biyo, kamar yadda muke faɗa da baki: inci 60, ko santimita 60. Kuma kada ka haɗa biyun a aiki guda.

Sannan kowace lamba da sunanta. Falanki yana da tsawo, da faɗi, da kauri. Kabad kuwa tsayi gare shi, da faɗi, da zurfi, wato daga gaba zuwa bango. Nan yara suka fi yin tuntuɓe, su kira zurfi kauri, alhali kauri na jikin katakon ne.

Inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, wannan ka sani. Abin da ake mantawa shi ne yadi santimita 91.44 ne, bai kai mita ba. Tazarar ta kai faɗin tafin hannu, ta isa ta hana ƙofa shiga gurbinta.

Alamomin nan na 5' (ƙafa biyar) da 5" (inci biyar) ni ba na son su. Ɗigon fensir ɗaya ya goge, inci biyar ya koma ƙafa biyar. Rubuta kalmar, hannunka ba zai karye ba. In za ka rubuta kuma, sa wa harafi lanƙwasarsa: ƙafa da ƙ take, "kafa" kuwa aikin da za ka yi wa ƙusa ne.

Ɗauki sabuwar takarda, ka sake auna kabad ɗin nan, ka karanta mini da ƙarfi kafin a taɓa katako.