Tambaya da amsa: ƙera ƙaramar jif ɗin soja ta Willys da hannu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Zariya, kuma tun ina yaro nake ƙera motoci da kara da gwangwani. Marigayi kakana yana cikin sojojin da aka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya bar mana hotonsa a tsaye kusa da wata jif ɗin soja. Sau biyu ina gwada ƙera ƙaramar irinta da kwali da gwangwani, ba tare da na sayi kwalin haɗe-haɗen da ake sayarwa ba, amma duk ta fito kamar abin wasan yara. A ina nake kuskure, kuma ta ina ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kakanka, ya kai haske kabarinsa. Hannun da ya saba da kara da gwangwani ya riga ya iya yanka da lanƙwasa da haƙuri, saboda haka ba daga farko za ka fara ba. Abin da ya rage maka shi ne awo. Yaro mai motar kara da ido yake aunawa, kuma idon mutum yakan girmama abin da ya fi burge shi, shi ya sa tayoyi da fitilu suke fitowa manya, bodi kuma ya fito gajere mai kauri. Mai ƙera samfuri na gaske yana zaɓar lamba guda ɗaya, ya raba kowane awo na motar asali da ita, tun daga tsawon bodi har kaurin sandar giya, kuma ba ya yarda idonsa ya yi gardama da rula ko da a wuri ɗaya.

Kafin awo, sai ka tabbatar da motar da kake kwaikwaya. Jif ɗin wancan yaƙi ƙirar Amurka ce. Kamfanin Bantam ne ya miƙa wa sojojin Amurka samfurin farko a 1940, amma kamfanonin Willys da Ford ne suka ƙera ta da yawa, fiye da 600,000 tsakanin 1941 da 1945, ta Willys ana kiranta MB, ta Ford kuma GPW. An ba wa sojojin Ingila dubbai daga ciki, kuma wannan tana cikin hanyoyin da ta isa Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda 'yan Nijeriya suke da yawa a cikinta, ta sare daji da tsaunuka ta fitar da hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 zuwa kwarin Kaladan daga ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944, don haka motar da ke hoton gidanku tana da tarihi da mutanenmu. Ka lura sosai kada ka ɗauko hotunan jif ɗin farar hula mai suna CJ-2A da ta fito a 1945, domin kamarsu ta yi yawa kuma masu farawa da dama a nan suke zamewa. Ta soja tana da tsaga tara a ƙarfen da ke gaban lagireto, ta farar hula tana da bakwai da manyan fitilu. Ta soja ba ta da ƙofar baya, safayar tayarta tana manne a bayan bodi ta dama, jarkar mai kuma ta hagu.

Yanzu ga maganar lamba. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a motocin soja shi ne 1/35, wato a raba kowane awo da 35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya shahara da shi, amma ban ba ka shawarar farawa da shi ba. Tsawon jif kimanin santimita 336 ne, wanda a 1/35 bai kai santimita 10 ba, kuma a wannan ƙanƙanta sitiyari da fitila sai an sa matsefata da madubin ƙara girma. Ka ɗauki 1/16. Tsawon motar zai zama santimita 21, faɗinta na santimita 157 zai koma kusan 9.8, tazarar da ke tsakanin aksul na gaba da na baya kuma, wadda inci 80 ce a asali, za ta zama inci 5 cif, wato santimita 12.7. Wannan ma'auni yana da wata alfarma ga jif musamman, domin ƙarfen tayarta inci 16 ne, ke nan a wurinka inci ɗaya daidai.

Ka nemi zanen motar ta gefe da ta gaba da ta baya da ta sama, akwai su a intanet, ka kai wa masu hoto-kwafi su yi ta ƙara girmansa ko rage shi har tazarar cibiyar tayoyin ta zama santimita 12.7 a kan takarda. Da rular ƙarfe za ka tabbatar, kada ka dogara da abin da na'ura ta nuna. Ka buga kwafi uku aƙalla, ɗaya a liƙa a katakon aiki, ɗaya a yanka a yi zane da shi, ɗaya a ajiye. Hoton kakanka yana da amfani wajen sanin kayan da ke jikin motar, amma ba a ɗaukar awo daga hoton da aka ɗauka a karkace, domin abin da ya fi kusa da kyamara yakan ƙara girma.

Kwali shi ne ya fara cin amanarka, saboda yana shan fenti, yana kumbura da damina, kuma gefensa ba ya karɓar samfefa. Abin da masu wannan sana'a suke amfani da shi shi ne falle na robar folistirin mai kaurin milimita 0.5 da milimita 1. Ba a yanka shi da ƙarfi. Ana ɗora rular ƙarfe, a ja reza mai kaifi sau biyu ko uku a hankali, sannan a lanƙwasa shi ya tsinke a kan layin. Gam ɗinsa ruwa ne da ke narkar da fuskokin biyu su haɗe su zama abu ɗaya. Idan fallen bai samu ba, farin allon roba mai laushi da masu rubuta allon talla suke amfani da shi yana yin aiki sosai, haka ma tsofaffin katunan waya da na banki, sai dai waɗannan ba sa narkewa da wancan gam, sufagulu suke so. Gwangwanin lemo kuma kada ka jefar da shi, domin akwai inda ya fi kowace roba, kamar yadda za mu gani. Duk gam ɗin nan warinsu yana cutar da ido da huhu, ka yi aiki a inda iska take shiga.

Da taya za ka fara, ko da yake zuciya za ta fi son bodi. Dalilina shi ne tayar ce mafi wuya, kuma ita ce take yanke tsayin motar daga ƙasa, saboda haka idan ta lalace duk abin da aka ɗora a kanta ya lalace. Lambar tayar jif 6.00-16 ce, wadda a ma'auninka za ta ba ka da'ira mai faɗin kusan santimita 4.5 da kaurin da bai cika santimita ɗaya ba. Ka yanka da'irori daga allon roba da kamfas mai reza, ka jera su ka manne har kaurin ya cika, ka soka kusa mai noti a tsakiya, ka ɗaura a bakin injin huda, ka riƙa juya shi a hankali kana goga samfefa har kafaɗun tayar su yi zagaye. Zanen tayar soja sanduna ne gajeru a kwance, daga gefe zuwa kusa da tsakiya, na dama da na hagu suna saɓa wa juna, da layi a tsakiya. Kowace sanda sai an yanka ta an liƙa ta daban, kuma wannan aiki zai iya cin maka mako guda. Idan kana iya samun silikon na zubi da ruwan rezin, ka ƙera taya ɗaya tak mai kyau, ka yi mazubinta, ka zuba biyar, har da safaya. Idan ba ka samu ba, ka yi dukan biyar ɗin tare, mataki bayan mataki, domin wanda ya gama ɗaya kafin ya fara ta biyu ba zai taɓa samun biyu masu kama da juna ba. Ƙarfen tayar na soja gida biyu ne da aka ɗaure da notuna a zagaye, kuma kawunan allurai ko guntayen waya suna wakiltar notunan.

Daga nan sai casis, wato ƙashin motar da bodi yake zama a kai, wanda siffarsa kamar tsani take, dogayen ƙarafa biyu da gajeru a gicciye. Ka gina shi a kan zanen da ka liƙa a katako, ka kafa ƙananan ƙusoshi su riƙe shi har gam ya kama, domin karkacewar milimita ɗaya a nan ita ce take sa taya ɗaya ta rataye a sama daga baya. A wannan mataki ne za ka zaɓi kamfani, saboda ƙarfen giccin da ke ƙarƙashin lagireto a ƙirar Willys bututu ne zagayayye, a ta Ford kuma kwaroro ne a kife. Sifirin ɗin jif irin na ganye ne, huɗu, kuma a nan gwangwanin lemo yake da rana: ka yanka siraran ɗauri masu faɗin kusan milimita 3, kowane ya fi na ƙasansa tsawo, ka jera su ka lanƙwasa su a kan kwalba ɗaya don lanƙwasar ta zo daidai. Aksul kuma ka sa waya mai ƙarfi a cikinsa, kamar sifokin keke, saboda roba kaɗai takan saki da zafi. Tulun da ke kan kowane aksul ba a tsakiya yake ba, ya karkata zuwa dama a gaba da baya. Kafin ka manne aksul ɗin, ka sa tayoyin huɗu ka ɗora casis a kan gilashi, ka tabbatar kowace ta taka.

Bodi shi ne mafi sauƙi, kuma wannan ne ya sa jif ta dace da mai farawa. An zana ta don a buga ta da sauri a lokacin yaƙi, saboda haka kusan duk jikinta shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne, lanƙwasa sai a kusurwoyin baya da gefen bonet. Ka fara gwada kowane sashe da kwali, idan ya zauna sai ka kwafe shi a roba. Wurin da zai lanƙwasa ka tsoma shi a ruwan zafi ka naɗe shi a jikin fensir har ya huce. Akwai wata dabara da nake ganin ita ce take raba aikin gwani da na koyo. Ƙarfen bodin mota siriri ne ƙwarai, kuma idan ka raba kaurinsa da 16 zai fi takarda sirantaka, abin da roba ba za ta jure ba. Don haka ka bar kaurin a inda ba a gani, ka kankare bakin da ido zai faɗa a kai, kamar bakin madigadi da wurin shiga, har ya yi siriri. Tsaga taran nan na gaban lagireto kuma ka huda rami a saman kowace da ƙasanta, sannan ka haɗa ramukan da reza, ka gyara da siririn magagari, kuma ka sa rai sai ka ɓata biyu kafin ta uku ta yi.

Ƙananan kaya su ne suke sa wanda ya san motar ya gane ta nan take. Shebur da gatari suna rataye a gefen direba, wato hagu. Tankin mai yana ƙarƙashin kujerar direba. A ƙasa akwai sandar giya da wasu gajerun sanduna biyu kusa da ita, ɗaya ta shigar da tayoyin gaba, ɗaya ta giyar ƙarfi. Gilashin gaba gida biyu ne kuma yana kwantawa a kan bonet. Ka yanka shi daga farar robar kwalin kaya mai haske, ka manne da farin gam na kafinta, domin tururin sufagulu yana sa irin wannan roba ta yi hazo. Sitiyari da maƙallan hannu wayar tagulla ta wutar lantarki ce, tamfol da rigar kujeru kuma takardar tishu ce da aka jiƙa da farin gam mai ruwa, wadda idan ta bushe takan riƙe ƙudundunewa irin ta zane.

Launin motar kore ne mai duhu irin na zaitun, marar ƙyalli ko kaɗan. Ka wanke samfurin da ruwan sabulu, ka fesa masa share-fage mai ruwan toka, wanda zai tona duk wata tsaga da ka manta, sannan ka shafa fenti mai ruwa-ruwa shafi uku maimakon mai kauri shafi ɗaya. Ka ɗan ƙara wa koren haske, saboda launi a kan ƙaramin abu yana fitowa da duhu fiye da yadda yake a babbar mota. A lokacin hunturu ka kifa kwali a kansa da zarar ka gama shafi, kuma kada ka shanya shi a rana, domin robar tana lanƙwashewa. Tunda motar Bama kake yi, taɓo ya fi dacewa da ita a kan ƙurar hamada: ka tace jar ƙasa, ka kwaɓa da farin gam kaɗan, ka shafa a cikin madigadi da tsakanin zanen taya, ka tsaya a inda taya za ta iya watsa shi.

Saura alama, kuma a nan nake roƙonka ka koma ga hoton da madubin ƙara girma, ka kuma tambayi dattawan gida rundunar da marigayin ya yi. Alamar Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan rawaya, ta Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma kuma, wadda ita ma ta je Bama, mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Wadda ka tabbatar, ka zana ta da bakin allura a ɗan falle na takarda, ka liƙa ta daidai inda hoton ya nuna, tare da lambar da ke jikin bonet idan tana karantuwa.