Likita, Ina Son Babban Babur, Inna Ta Ce Ba da Yawunta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne ɗan shekara 24 a Zariya, ina sana'ar gyaran waya. Shekara uku ke nan ina hawa Boxer, kuma duk Lahadi ni da abokaina mukan bar kwalta mu bi hanyoyin ƙauye da bakin rafi. Yanzu na tara kuɗi ina son in sayi babban babur na hannu, irin mai gudun nan, in riƙa hawa titin Kaduna da shi, in kuma shiga daji. Mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba. A ganina daji ya fi titi haɗari, don a can na fi faɗuwa, a titi kuwa ban taɓa faɗuwa ba. Wanne ne ya fi haɗari, kuma yaya zan kare kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin in ce maka komai a matsayin likitan ƙashi, bari ka san cewa ni ma mahayi ne, kuma na san abin da kake ji. Na san safiyar damina bayan an kwana ana ruwa, ƙasa tana ƙamshi, gero ya fara rufe kunya dama da hagu, kai kaɗai a kan burji, ka ɗan karkata jiki babur ya bi ka kamar ya ji abin da ke ranka. Mota ba ta ba mutum wannan. Abin da kakanninmu suke samu a bayan doki ke nan in sun fita kilisa, shi ya sa ba na yi wa saurayi kallon marar hankali don ya ce yana son babur. Ko gasar Dakar, wato tseren babura da motoci da ake yi a cikin hamada, asalinta wani Bafaranshe ne, Thierry Sabine, da ya ɓata a kan babur cikin Sahara a 1977. Da aka ceto shi, maimakon ya yi rantsuwar ba zai sake ba, sai ya shirya gasa don wasu su ga abin da ya gani. Aka tashi daga Paris a ƙarshen 1978, aka riƙa ratsawa ta Agadas, har kamfanin Yamaha ya raɗa wa wani baburinsa sunan hamadar Tenere ta Nijar. Amma fa gasar ta ci gwanaye. Fabrizio Meoni, wanda ya lashe ta sau biyu, ya mutu a cikinta a Muritaniya a 2005, Paulo Gonçalves kuma a Saudiyya a 2020.

To, ga amsarka kai tsaye: lissafinka ya juye. Kana ƙirga yawan faɗuwa, ni kuwa ina ƙirga abin da faɗuwar take jawowa. A daji kana faɗuwa sau da yawa, amma kana tafiyar kilomita 20 ko 30 a awa, ka faɗi a kan yashi ko taɓo, ka tashi ka karkaɗe wando. A kan kwalta za ka iya shekara biyar ba ka taɓa ƙasa ba, amma ranar da abin zai faru ba faɗuwa ba ce, karo ne. Kuma da wa? Da tirela, da tanka, da motar haya da ta fito daga kwana a hannunka, da a-daidaita-sahu da ya juya ba sigina. A daji kuskurenka kaɗai kake biya. A titi har kuskuren wanda ba ka taɓa gani ba kai za ka biya da jikinka.

Ka riƙe wannan lissafin. Wanda ya yi karo yana gudun kilomita 50 a awa, jikinsa ya sha bugun da ya yi daidai da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. In ya ninka gudun zuwa 100, bugun ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne, kamar faɗowa daga kusan mita 40. A gudun 100 kuma, cikin daƙiƙa ɗayan da ido zai ga akuya ya gaya wa hannu ya kama birki, babur ya riga ya cinye kusan mita 28. A Amurka, inda tituna suke da kyau ga motar asibiti tana zuwa da wuri, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurransu suna nuna cewa a tafiya mai nisa ɗaya, mai babur ya fi na cikin mota yiwuwar mutuwa fiye da sau 20. Sai ka kwatanta da titin Zariya zuwa Kaduna cikin hazon hunturu, ga ramuka, ga babbar mota ta lalace an ajiye ganye a bayanta.

Wannan ba ya nufin daji lafiya lau ne. Raunukan da yake turo mana sun fi zama karayar ƙashin kafaɗa, da wuyan hannu, da idon sawu, saboda mutum yana kai hannu ko ƙafa ƙasa don ya tare faɗuwa. Akwai kwazazzabon da ruwan jiya ya haƙa a hanyar da ka sani makon jiya, da kututture a cikin ciyawa, da garken shanu, da yaran ƙauye masu fitowa a guje in sun ji ƙarar inji. Babban abin tsoronsa shi ne nisa. Karayar cinya tana iya zubar da jini fiye da lita ɗaya a cikin naman cinyar ba tare da an ga ɗigo a waje ba, kuma in kana inda babu sabis, babu mota, awa uku kafin asibiti, raunin da za a iya gyarawa sai ya zama ajali. Don haka kada ka taɓa shiga kai kaɗai, ku gaya wa na gida inda kuka nufa, ku ɗauki ruwa. Sannan ka san halin da dazukanmu suke ciki. A wurare da dama na Zamfara da Katsina da Neja, har da Diffa da Tillaberi a Nijar, hukumomi sun sha hana hawa babur saboda 'yan bindiga. Samari shida a kan babura cikin daji abin zargi ne ga jami'in tsaro, abin farauta ne kuma ga ɓarawo. Ku tsaya inda aka san ku, ku tambayi mutanen gari kafin ku wuce.

Yanzu ga inda na fi jin tsoron shirinka: kana so babur ɗaya ya yi maka aiki biyu da ba su jituwa. Boxer ɗinka ƙarfinsa bai kai na doki 10 ba. Irin na tseren nan mai inji 600 (lambar girman inji ke nan) ya haura ƙarfin doki 100, nauyinsa ya kusa kilo 200, tayarsa santsi gare ta don an yi ta ne ta manne wa kwalta, cikinsa kuma dab da ƙasa. Ka shiga yashi da shi, zai kayar da kai ya danne maka ƙafa, salansa mai zafi a kan ƙwauri. Ka hau titi da shi, ɗan murɗa totur da ka saba yi wa Boxer zai kai ka gudun da idonka bai taɓa koyon aunawa ba. Hatta hannu ma ba ɗaya ba ne. A kan kwalta birkin gaba shi ne yake yin mafi yawan aikin tsayarwa, kuma yawancin masu hawanmu tsoronsa suke ji, na baya kawai suke takawa, shi ya sa babur yake zamewa. A cikin yashi kuwa, ka damƙe birkin gaba ka sha ƙasa nan take. Can ana miƙewa tsaye a kan mataki, a mayar da nauyi baya, a riƙe wuta daidai, a bar kan babur ya ɗan yi wasa. Wanda ya rage iskar taya don yashi ya manta ya hau titi da ita haka, ya ɗauko wa kansa wani haɗarin. Abu ɗaya ne suka yi tarayya a kai: inda idonka ya kafe nan babur zai je. Ka kalli rami, ka faɗa rami. Ka kalli hanyar da za ka bi.

Akwai wani yaro da ba na mantawa, sa'anka ne. An kawo shi da yamma, ya faɗi a kan titi kwana uku da sayen babban babur. Silifa ce a ƙafarsa. Ƙashin ƙwauri ya huda fata ya fito, da tsakuwa da baƙin mai a cikin raunin, muka kwana muna wankewa. Ƙafar ta tsira bayan tiyata uku da wata tara a kan sanda. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hular kwanonsa da yayansa ya shigo da ita a hannu: gefe guda ya goge har ana ganin farin abin da ke ciki. Na juya ta, na dubi kan yaron, babu ko ƙwarzane. Da babu ita, wannan gogewar a ƙoƙon kansa za ta kasance.

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Amma sai ta gaske, wadda ta rufe haɓa, an kuma ɗaure igiyarta. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta a farkon 2009, an ga 'yan acaɓa suna kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, kuma har yau zuciyata tana ɓaci in na tuna, don na san kawunan da suka zo mana a shekarun nan. Hular leburan gini ma ba ta wannan aikin. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma ta gama aikinta, a sake wata. Ka haɗa da takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu, riga mai kauri da abin gwiwa. Na san akwai zafi, amma fatar da kwalta ta kankare ta fi zafi. Ka kula da babbar riga da mayafin wadda ka goya, suna shiga cen da taya. Tramol da sauran ƙwayoyi kuwa, ko abokinka ne ya sha, kada ka jera da shi.

In tsautsayi ya faru, wanda ya bugu a ka ya suma, ko da ya farfaɗo yana magana yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti. Jini yana iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, bayan 'yan awanni ya fara amai da barci, daga nan sai labari ya canza. Mai kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi a naɗe a bayan wani babur, a kwantar da shi a miƙe a kan abu mai tauri. Karayar da ƙashi ya fito waje kuma ba ta gidan mai ɗori ba ce. Na yanke ƙafafun da ba haɗarin ne ya kashe su ba, ɗauri ne da ya yi tsanani ya hana jini wucewa.

Batun Inna kuwa, ba na goyon bayan ka saya a ɓoye ko ka ƙetare maganarta, kuma a kan wannan babur ɗin ina tare da ita. Ka raba kuɗin nan. Ka fara sayen hula da takalmi da riga masu kyau, ka nemi lasinka in ba ka da shi, sauran ka nemi babur mai doguwar ƙafa, inji 150 zuwa 250, mai tayar da ta dace da burji. Ka ci gaba da fitarku ta Lahadi a fili da ka sani, ka koyi birkin gaba a kan kwalta inda babu motoci har hannunka ya saba. Sai ka sa kayan nan duka ka je gabanta ta gani da idonta, ka gaya mata da su wa kake fita da lokacin da za ka dawo, ka nemi albarkarta. Bayan shekara biyu ka sake rubuto mini, mu yi maganar babban.