Amsa: Tuƙi daga Kumasi zuwa Tamale ni kaɗai

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko mutum zai iya jan mota shi kaɗai daga Kumasi har Tamale a ƙasar Ghana ba tare da ya galabaita ba. Zai iya, na yi ta da kaina, kilomita kusan 380 ce.

Na tashi daga unguwar Aboabo a Kumasi bayan sallar asuba. Har Techiman kore ne shar, ayaba da rogo ko'ina. Amma inda tafiyar ta shiga raina shi ne bayan Kintampo. A nan kurmi yake sakin hanya sannu a hankali, itatuwa su gajarce, sama ta buɗe, sai ga kaɗanya da ɗorawa tsaye jefi-jefi cikin ciyawa, ga tulin doya a gonaki, ga buhunan gawayi an jera bakin titi. Wallahi sai da na kashe rediyo. Na tuna kakanninmu fatake da suka ratsa irin wannan daji da jakuna, suna neman goro a Gwanja.

A Buipe za ka haye kogin Baƙin Volta, a Yapei kuma kogin Farin Volta. Can na tsaya na sayi soyayyen kifi, na yi azahar.

Don Allah kada ka yi tuƙin dare. Tireloli masu zuwa Burkina sun yi yawa, tsakanin garuruwa kuma da nisa. Ka cika tanki a Kintampo, ka duba safayar taya, in barci ya fara fizgarka ka faka ka wanke fuska.